A Kawo Na'urorin Auna Dalma Kusa da Masu Haƙar Zinare

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin hukumomi kan na'urorin binciken sinadarai, waɗanda wasu suke ɗauka kayan ƙawa ne na jami'o'i.

A shekarar 2010, lokacin da yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har sai da ƙungiyar likitoci Na Gari Na Kowa ta aika da jininsu Turai, aka gano gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu. Abin da ya nuna inda gubar take kwance kuwa wata na'ura ce ta riƙewa a hannu mai suna XRF. Ana kafa bakinta a ƙasar tsakar gida, ta harba haske irin na hoton ƙashi, kowane ƙarfe ya mayar da nasa hasken, nan take ta nuna yawan dalmar. Da ita aka bi ƙauyukan Dareta da Yargalma, daga baya Bagega, gida-gida, aka tarar a wasu wuraren da ake daka dutsen zinare dalmar ta haura kashi 10 cikin 100 na ƙasar da yara suke rarrafe a kai. A 2015 masifar ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ba a ce ba mu da komai ba. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004, wadda ake tantance ma'adinai da ita. Sai dai na taɓa kai ruwan rijiya wani ɗakin gwaje-gwaje, na iske na'urar AAS, wadda ke fesa ruwan cikin harshen wuta ta auna hasken da dalma ta shanye, a lulluɓe da leda ƙura ta hau kanta, saboda kawai fitilarta ta ƙone kuma tukunyar gas ta ƙare. Ma'aikacin ya ba ni haƙuri, na dawo da kwalabena.

Don haka ina kira ga gwamnatocin Zamfara, Neja da Kebbi da su sayi XRF ga ma'aikatun lafiya da muhalli, su horar da masu sarrafa ta, sannan su ware kuɗin gyara da na sauya sassan da suka lalace a kasafin kowace shekara.

Naka,
Wani malamin kimiyyar sinadarai,
Gusau.