Charles Knight da Karatun Kwabo Ɗaya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in tuna wa masu karatu da Charles Knight, Baturen Ingila da aka haifa a garin Windsor a 1791, ya rasu a 1873. A 1832 ya fara buga Penny Magazine, mujallar mako-mako mai ɗauke da zane-zane da bayanai kan tarihi, dabbobi da sana'o'i, wadda ake sayarwa kwabo ɗaya tak domin leburori da masu sana'ar hannu su ma su iya mallaka. Daga baya ya fitar da kundin sani na Penny Cyclopaedia kashi-kashi, duk da cewa harajin da gwamnati ta ɗora wa takarda ya cinye masa riba.

Mu a nan Zariya wannan tunani ba baƙo ba ne, domin a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. A ganina, tsadar takarda ce har gobe take hana ɗalibanmu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo sayen littafi, sai dai su yi ta fotokwafi.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.