Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kaduna: a fara auna abin da koginmu ke tafiya da shi

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani,
Gidan Sir Kashim Ibrahim, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: gwamnatin jiha ta kafa tsarin auna ruwan Kogin Kaduna a kai a kai, musamman yawan sinadarin kabon da yake ɗauke da shi, ta sa kuɗin aikin a kasafi, kuma a riƙa bayyana wa jama'a sakamakon. Na san ga tsaro, ga albashi, ga hanyoyi a gabanka, don haka wani zai ce wannan maganar 'yan boko ce. Ina roƙon a saurare ni tukuna.

Kabon ba baƙon abu ba ne a wurin manomi, sunan ne kawai bai sani ba. Duk abin da ya taɓa yin rai yana ɗauke da shi: karan dawa, ganye, kashin shanu, gawayi. Shi ne ke sa ƙasar gona ta yi baƙi, ta yi taushi, ta riƙe danshi da taki. Ƙasar noman yankinmu kuwa dama ba ta da shi da yawa, a wurare da dama bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan ruwan Agusta ya sauka a gonakin Lere da Kubau da Soba, inda aka sare itatuwa aka kwashe kara, wannan ɗan abin da ya rage shi ne ke bin zaizaya zuwa rafi, daga rafi zuwa Galma ko kai tsaye cikin babban kogi. Jan ruwan da muke gani daga kan gada da damina ƙarfin gonakinmu ne ke wucewa.

Da can masana na ɗaukar kogi tamkar bututu, abin da ya shiga ta tudu shi zai fita a teku. A 2007 wani masanin koguna da tafkuna, Jonathan Cole, da abokan aikinsa suka nuna ba haka ba ne. A lissafinsu, koguna da tafkuna na karɓar kabon kimanin tan biliyan 1.9 daga ƙasa a duk shekara, amma wajen tan biliyan 0.9 ne kawai ke isa teku. Kimanin 0.2 na kwantawa cikin laka, 0.8 kuma ya tashi sama. Dalili shi ne ƙananan halittun da ke cikin ruwa suna cin ruɓaɓɓen ganye da dattin da ya shigo, suna shaƙe iskar oksijin, suna fitar da iskar kabon, wadda ita ce babbar mai ɗumama duniya. A 2013 Peter Raymond na Jami'ar Yale a Amurka ya jagoranci wani lissafin da ya ɗaga adadin sosai: koguna da rafuka kaɗai na fitar da kusan tan biliyan 1.8 a shekara.

Wanda ya fi shafar mu shi ne aikin Alberto Borges na Jami'ar Liège a Beljiyam. Shi da tawagarsa sun auna koguna 12 a Afirka kudu da Sahara daga 2006 zuwa 2014, suka wallafa sakamakon a 2015. Sun gano cewa abin da kogunan yankin ke fitarwa ya kai kimanin tan biliyan 0.4 a shekara, wato kashi 2 cikin 3 na abin da aka ƙiyasta a baya cewa dazuzzuka da ƙasar nahiyar na zuƙewa. Ranka ya daɗe, a dubi wannan da kyau. Najeriya ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow a 2021 cewa nan da 2060 iskar ɗumama duniya da take fitarwa ba za ta wuce wadda take zuƙewa ba, kuma a shekarar aka sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi. Yanzu kowa na maganar dasa itatuwa da shiga kasuwar kabon, inda ake biyan kuɗi a kan kabon da itatuwa da ƙasa suka riƙe. Wanda zai saya zai tambaya: nawa ƙasarku ta riƙe, nawa ya zurare ta ruwa? Jihar da ba ta da amsa a rubuce, cinikin biri a sama za a yi da ita, kuma ita ce za ta kwana ciki.

Kogin nan ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya haɗu da Neja a wajen Muregi. A hanya yana faɗawa madatsar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990 da ƙarfin megawat 600, sannan ta Zungeru mai megawat 700. Duk inda aka tare ruwa, laka na kwantawa. Wani ɓangare na kabon ya binne ke nan, abin da za a iya kira riba. Amma lakar na cinye wurin ruwan da ake juya injin da shi, kuma a can ƙasa inda babu oksijin, ruɓewa na haifar da iskar metan, wadda cikin shekara 20 ɗumamarta ta ninka ta iskar kabon kusan sau 80. Zaizayar gonar Soba na da hannu a wutar da ake jira a Tudun Wada.

Daga Zungeru babu wata babbar madatsa har teku. Ruwan zai bi ta Lokoja ya haɗu da na Binuwai, ya gangara Neja Delta, inda dajin bakin teku mafi girma a Afirka yake, irin itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri. Lakar da ke ƙarƙashinsu na adana kabon fiye da dajin tudu nesa ba kusa ba, kuma lakar da koguna ke kawowa ce ke gina musu ƙasa. Idan ta ragu, teku na cin gaɓa. Idan kuma abin da ya zo takin zamani ne da ƙazantar gari, sai a samu irin abin da ya faru a bakin Kogin Misisipi: takin gonakin Amurka ya haifar da gansakuka mai yawa, ta mutu ta ruɓe, ta shanye oksijin, har a 2017 yankin da kifi ba ya iya zama ya haura murabba'in kilomita 22,000. Wei-Jun Cai, masanin sinadaran ruwan teku, ya nuna a 2011 cewa wannan ruɓewar na ƙara wa ruwan gaɓa tsami, abin da ke wahalar da duk halittar da ke gina ƙwanso. Ban ce mun kai can ba. Na ce dai abin da muka zuba a magudanar Kakuri yana da inda yake zuwa.

Mu dawo gida, domin nan ne abin ya fi ciwo. Da rani, lokacin da duwatsu suka fito fili a tsakiyar kogi, ruwan ya yi kaɗan, amma abin da magudanun gari ke zubawa bai ragu ba: ruwan mahauta, na masai, shara, da na masana'antu. Duk wannan kabon ne, kuma abinci ne ga ƙwayoyin da ke shanye oksijin. Shi ya sa ruwa ke baƙi yana wari, kifi ya gudu, kuma da shi masu lambu ke ban ruwan latas da kabejin da ke shiga kasuwanninmu. Da damina kuma matatar ruwa ce ke shan wahala, don yawan laka na nufin ƙarin alam da ƙarin kuɗi. Haka nan idan sinadarin kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen abu mai yawa a ruwa, yakan haifar da wasu sinadarai da ba a so mutum ya daɗe yana sha. Ko da babu ruwan mutum da sauyin yanayi, wannan kaɗai ya isa dalili.

Abin da ya sa nake ganin rashin yin aikin ba shi da uzuri shi ne masu yin sa suna nan. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando take. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ga Jami'ar Jihar Kaduna a tsakiyar gari, da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai. Hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, za ta iya riƙe bayanan. Ana buƙatar wurin ɗibar ruwa kafin kogi ya shigo gari, wani bayan ya wuce Nasarawa da bakin Romi, wani a inda Galma ta shigo, na ƙarshe kafin ya bar jiha. A auna gudun ruwa, laka, narkakken kabon, oksijin da tsami. Da damina a yawaita zuwa, domin mafi yawan lodin shekara a cikin 'yan manyan ruwan sama yake wucewa, wanda ya zo bayan kwana uku ya makara. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar noma da yaƙi da zaizaya, mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, zai iya sayen kayan aiki. Amma kuɗin mai da na ma'aikata ya fito daga kasafin jiha, don mun sha ganin na'urori sun zama kayan ado ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa.

Darajar irin wannan aiki a daɗewarsa take. Lokacin da Raymond ya nuna a 2008 cewa noma ya sauya yawan ruwa da kabon da Misisipi ke kaiwa teku, ya dogara ne da awon kusan shekara 100 da ma'aikatan matatun ruwan birnin New Orleans suka riƙa rubutawa, ba tare da sun san wani zai zo nema ba. Duk matatar ruwa na auna ruwan da take ja kafin ta tace. Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar kwangila: a ba da umarni a tattaro tsofaffin littattafan awo na matatar Malali da ta Kaduna ta Kudu, duk wanda ya tsira daga gara da ɗigar rufi, a shigar da su kwamfuta, a ba jami'o'inmu kwafi kafin daminar baɗi.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya ba jiharmu zaman lafiya.

Naka mai fatan alheri,
Wani malamin kimiyya,
Unguwar Rimi, Kaduna.