Sanarwa: kafin ƴan sanda su iso

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Tun jiya ake ta ce-ce-ku-ce a nan kan jinkirin ƴan sanda idan an kira su. Ƙorafin yana kan hanya. Ɓarawo kan gama abin da ya kawo shi cikin ƴan mintuna, su kuwa sai an ɗaga waya, an gane kwatance, an samo mota. Amma wasu saƙonnin da ake turowa nan, masu cewa a ɗauki doka a hannu, sun wuce gona da iri, shi ya sa na sa baki.

Dokokin yawancin ƙasashe sun yarda mutum ya kare kansa da iyalinsa, sai dai da sharaɗi: ƙarfin da ka yi amfani da shi ya zo daidai da haɗarin da ke gabanka. Idan ɓarawo ya ranta a na kare, haɗari ya kau. Ka bi shi ka lakaɗa masa duka, wannan ba kare kai ba ne, kuma kai za a gurfanar gaban alƙali. Wanda aka kama ma, miƙa shi ake yi ga hukuma.

In kun ji motsi da dare, don Allah kada ku fita dubawa, ba ku san su nawa ba ne. Ku tara yara a ɗaki ɗaya mai ƙwaƙƙwarar sakata, ku kunna fitilun waje, ku kira ƴan sanda, sannan maƙwabta. A waya ku fara da adireshi, ko da layin zai katse, kuma ku faɗa idan kun ga makami.

Hotunan waɗanda ake zargi kuma a daina turo su nan, za a goge.