Godiya ga kamfanin da ya hana mu sayen sabuwar chila

Assalamu alaikum jama'a. Ni ba ma'abocin dogon rubutu bane amma wallahi wannan karon dole in fito fili in gode wa kamfanin injiniyoyin da suka haɗa mana tankin ajiye sanyi a otal ɗin da nake kula da injinansa a nan Kano, don irin mutuncin da suka yi mana na daɗe ban gani ba a wannan harka.

Sai wanda ya san wuyar da muka sha zai gane. Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka ce ana ba wuta aƙalla awa ashirin a rana, naira 225 kowane yunit, abin da da bai kai naira 70 ba, bil ɗinmu ya haukace, ga litar dizal ta haura dubu, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ƙarfe biyu na rana chilarmu, wato injin da ke sanyaya ruwan da ke kai sanyi cikin gini, sai ta fara nishi kamar tsohuwar mota a hawan tudu can sai kwamfuresa, wato zuciyar injin, ta yanke, kuma ba ta tashi yankewa sai ranar da ake biki a babban zaure. Na taɓa tsayawa ina kallon dangin amarya suna fifita da katin gayyata kwalliya duk ta narke, maigida na ta kirana a waya ni kuwa na rasa bakin magana.

Kamfani uku muka kira kafin waɗannan, ba zan kama suna ba, dukkansu bakinsu ɗaya, wai mu sayi chila babba mu ƙara janareta. Ɗaya ko ɗakin injin bai leƙa ba, yana jingine da motarsa ya rubuta mana farashi da dala.

Su kuwa waɗannan wata matashiya suka turo, injiniya, ba za ta girmi 'yata ta fari ba, kuma gaskiya a raina na raina ta, Allah ya yafe min. Ta gaishe ni ta ce Baba don Allah a bani mako guda kafin in ce komai. Ta maƙala na'urorinta a bututu tana auna zafin ruwan da ke shiga da wanda ke fita, har ƙarfe ukun dare take kiran maigadi ya karanto mata mita. Da mako ya cika ta zaunar da mu ta ce chilarku lafiyarta ƙalau, ƙurar hunturu ce ta toshe mata wajen shan iska, sannan awa huɗu zuwa biyar ne kawai a rana ake neman sanyin da ya fi ƙarfinta, da dare kuwa rabin aiki ma ba ta yi. Na ce to Injiniya meye mafita? sai ta ce Baba ai kun san randa, a cika ta da dare a sha ruwan sanyi da rana, shi za mu yi amma babba. Da dare iska ta huce chila ba ta shan wuta sosai wajen fitar da zafi, sai ta sanyaya ruwan tanki zuwa wajen digiri 5, da rana famfo ya tura shi cikin gini ya taimaka mata. Na tambaya ruwan da ya dawo da ɗumi ba zai gauraya da mai sanyin ba, ta ce mai sanyi ya fi nauyi ƙasa yake kwanciya mai ɗumi ya hau sama, in dai a hankali ake shigar da shi.

Abin da ya fi burge ni, maigida ya ji labarin masu tankin ƙanƙara ya ce shi yake so tunda bai cin wuri, kuma ya fi tsada ribarsu ce, amma ta ce ranka ya daɗe kar ka yi, kafin a yi ƙanƙara sai chila ta sauka ƙasa da sifili ta ƙara shan wuta, ga sinadarin hana daskarewa da za a dinga saye, ku kuna da fili a baya tankin ruwa ya ishe ku. Mutum ya ƙi kuɗi da bakinsa a zamanin nan!

Aikin kansa sun yi sun gama a lokacin da suka ɗiba. Yanzu ko an ɗauke wuta da rana ƙaramin janareta muke tayarwa ya ja famfuna da chilar, babban yana hutawa, bazarar nan kwamfuresa ba ta yanke ko sau ɗaya ba.

Abin haushi shine manyan gine-gine nawa ne a garin nan da Abuja, asibitoci da ofisoshi, da ake ta ƙona dizal saboda ba wanda ya tsaya ya auna komai, kowa sayar da inji ya sani, in ya karɓi kuɗinsa ka kira lambar ba ta shiga, in ta shiga a ce oga ya yi tafiya. Mu ma masu kula da injin muna da namu laifin, sai abu ya mutu muke tunawa da wanke shi.

Allah ya saka muku da alheri ya ƙara buɗi. Injiniya, littafin nan da kika ce in dinga rubuta digirin tanki safe da yamma yana nan, ranar sallah kawai na tsallake.