Bakina yana waƙa, zuciyata ta yi shiru

Baba Fasto,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya Mama da yara? Na daɗe ina jin shirinka, ban taɓa zaton wata rana wasiƙata za ka karanta ba. Don Allah kada ka ambaci sunana ko na cocinmu, matan zumuntarmu da yawa suna kunna rediyo a daidai lokacin nan.

Ni 'yar ƙasar Gwoza ce, daga ƙauyukan bayan dutse. A daminar 2014 da Boko Haram suka shigo mana, mun hau dutse da yara huɗu, ba takalmi. Ƙanen maigidana bai hau tare da mu ba, har yau ba mu ga kabarinsa ba. Muka tsallaka Kamaru, muka zauna a sansanin Minawao, daga baya muka dawo ta Mubi zuwa Maiduguri. Abin da nake so ka lura da shi, Baba, duk a wannan lokacin bangaskiyata ba ta girgiza ba. A sansani ni ce mai tada waƙa. Ba mu da tulu, sai jarkar ruwa muke bugawa, mata suna amshi suna kuka, ni ina ce musu su yi haƙuri, Allahn da ya fid da Isra'ilawa daga Masar bai tsufa ba.

A Maiduguri muka kama ɗaki biyu kusa da kogin Ngadda. Maigidana ya samu gadi. Ni na shiga adashe, sai da na yi kwasa uku kafin na haɗa kuɗin injin markaɗe. Tun asuba masu ƙosai suke ajiye bokitin wake a ƙofata, da hantsi masu kayan miya, da yamma masu kunu. Da injin nan na biya kuɗin makaranta, da shi na aurar da babbar ɗiyata, daga cikinsa nake fid da zakkata, ban taɓa tsallake wata ba. Aka zaɓe ni shugabar Zumuntar Mata. In an yi rasuwa ni ake turawa gaba. Ayar da na fi karanta wa gwauraye ita ce Ishaya 43:2, inda Ubangiji ya yi alkawari zai kasance tare da mu sa'ad da muke ratsa ruwaye, koguna kuma ba za su sha kanmu ba. Na haddace ta kamar sunana.

Sai daren da dam ɗin Alau ya ɓalle, wayewar Talata 10 ga Satumba, 2024. Tsofaffin unguwa sun sha ba mu labarin ambaliyar 1994, muna ji kamar tatsuniya. Ihun maƙwabta ne ya tashe mu. Na sauko da ƙafa daga gado na ji sanyi har idon sawu, kafin mu tattara yara ya kai gwiwa, a bakin titi ya kai ƙirjina. Jikata mai shekara biyu tana wurina a daren, na ɗora ta a wuya muka bi mutane cikin duhu, ana ta cewa a yi hankali, kadoji da macizan gidan zu sun fita. Ina tafiya ina maimaita ayar nan da ƙarfi. Kuma muka fita da rai, dukanmu. Na ce lalle Allah ya cika maganarsa.

Da ruwa ya janye muka koma. Injin yana nan inda na bar shi, laka ta cika shi har wuya. Mai gyara ya buɗe, ya girgiza kai, ya ce sai dai 'yan gwangwan. Littafi Mai Tsarkina, wanda na ɗaure a zani na hau dutse da shi a 2014, ya kumbura ya zama kamar burodi. Na shanya shi a kan kwano kwana huɗu, shafukan suka manne, in na ja sai su yage. Duk wannan na haɗiye. Dukiya ce, ana samu ana rasawa.

Bayan mako uku amai da gudawa suka kama jikata. Da dare ta fara, kafin azahar idonta ya faɗa. Mun kai ta asibiti, an sa mata ruwa, ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu. Na durƙusa a gefen gadon na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta ba, har na ce a ɗauke ni a bar ta. Washegari da asuba ta cika. Yarinyar da na ɗauko a wuyana na ratsa ruwa da ita. An gudu ba a tsira ba.

Tun daga ranar wani abu ya mutu a cikina. Ban daina zuwa sujada ba. Ina ɗaura zanen zumunta, ina tsayawa gaba, ina tada waƙa, murya na fita yadda ta saba. Amma in na rufe ido don addu'a, ba abin da ke zuwa sai tambaya ɗaya: don me ka fid da ita daga ruwa in za ka karɓe ta a kan gado? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Baba, fushi nake yi da Allah. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai.

Mutane suna ta'aziyya da abin da suke da shi. An karanta mini Romawa 8:28 har ban san iyaka ba, cewa kome yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Ban ƙaryata ba, amma ina jin kunya in tuna sau nawa ni ma na faɗa wa wata haka gawar mijinta tana kwance a ɗaki, na tashi na karkaɗe zani na tafi gida na ci tuwo. Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata kuma ta ja ni gefe ta ce in binciki kaina, masifa sau biyu a gida ɗaya ba banza ba. Ta ce ta san wani bawan Allah da zai karya abin in na shuka iri, wato in na ba da kuɗi. Da me zan shuka, kuɗin adashen mutane ma ban gama biya ba? Ban je ba. Amma maganarta ta zauna mini, da dare ina ƙirga zunubaina ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda ya kai ran yarinya.

Wadda ta fi taimakona maƙwabciyata ce, Musulma, mai sayar da itace. Ta zo ta zauna a tabarma kusa da ni kwana uku, ba ta ce kome ba ban da "sannu". Ta tuna mini abokan Ayuba a kwana bakwai na farko, kafin su buɗe baki su ɓata.

Ɗiyata, uwar yarinyar, ta aro mini Littafi, na koma Zabura. Na tarar Dawuda yana tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da shi, a Zabura 13. Na tarar Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, ba ko kalmar yabo a ƙarshenta. Shekara talatin ina coci ban taɓa jin an yi wa'azi a kanta ba. To in su an bar su sun yi gunaguni har an rubuta, ni me ya sa nake jin kamar na yi ridda? Ko akwai bambanci tsakanin kukansu da nawa?

Ga kuma maganar maigidana. Gadinsa ya ƙare, wanda yake yi wa gadin ya tashi. Yanzu maigidana ya ce mu koma Gwoza, gonar ubansa tana nan, gwamnati ma tana mayar da mutane garuruwansu. Ya ce zaman da muke yi a nan rashin dogara ga Allah ne, wanda ya tsare mu a kan dutse zai tsare mu a gona. Ni kuwa ban manta bama-baman da suka tashi a garin a ƙarshen Yunin 2024 ba, har a wurin biki da wurin jana'iza. Na ce masa Yesu ma ya ƙi faɗowa daga kan Haikali, ya ce kada a gwada Ubangiji. Ya ce ina fakewa da Nassi ne don tsoro. Wataƙila gaskiyarsa ne, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kowa da ayarsa, mun yi wata biyu ba ma addu'ar dare tare. Mutumin kirki ne, shi ma jikarsa ce, na sha jin shi yana jan hanci a bayan ɗaki.

Abin da ya sa na rubuto yanzu, godiyar girbi ta matso, kuma dattawan ikkilisiya sun sa sunana cikin masu ba da shaida, wai kowa ya san abin da Allah ya fisshe ni. Na san abin da ake jira in faɗa, na iya shi sarai, har inda za a ce "Halleluya" na sani. In na tsaya na faɗa, ƙarya zan yi a gaban bagade. In na faɗi abin da ke raina, akwai sababbin gwauraye da suke kallona, ina tsoron in karya musu gwiwa. In na ƙi tsayawa, za a tambayi dalili.

Baba, ka gaya mini tsakani da Allah: wanda yake fushi da Ubangiji amma bai bar ƙofarsa ba, yana cikin masu dogara gare shi ko ya fita? Ya halatta in ci Jibin Ubangiji a wannan hali? Tun rasuwar nake miƙa faranti gaba ba na ɗauka, na kusa da ni ta fara lura. Shugabancin zumunta fa, in ajiye har zuciyata ta dawo, ko in ci gaba da tada waƙar da ba ta kai mini ciki? Batun Gwoza kuma, ta yaya mutum zai gane inda bangaskiya ta tsaya, ganganci ya fara?

In da hali ka amsa kafin ƙarshen wata, don sakataren coci ya ce in ba shi amsa kafin a buga tsarin sujada.

Taka 'ya cikin Ubangiji,
wata uwa daga Maiduguri.