Fadar Linlithgow a zanen fentin ruwa, da ganuwar Kano da ke jiran mai zana ta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi kira ga masu zane na Kano su zana ganuwar birnin da ƙofofinta da fentin ruwa.

A Sikotilan akwai fadar sarauta mai suna Linlithgow, a bakin tafki, kimanin kilomita 24 yamma da Edinbora. Bayan gobarar da ta cinye garin a 1424, Sarki James na Ɗaya ya fara gina ta. A cikinta aka haifi James na Biyar a 1512, da 'yarsa Sarauniya Mary a 1542. Sashen arewa ya rufta a 1607 aka sake gina shi, sai a 1746 wuta ta kama bayan sojojin gwamnati sun sauka a ciki. Har yau ba ta da rufi. Amma masu zane, har da Turner na Ingila, sun zana ta da fentin ruwa, shi ya sa ake iya gwada kamanninta na shekara ɗari biyu baya da na yau.

Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, shi ma ginin ƙarni na 15 ne. Ganuwarmu kuwa ta ƙasa ce, kowace damina sai ta zaftare, ga masu ɗibar ƙasa, ga masu gini a kanta. Hoton waya na da amfani, amma mai zane dole ya zauna ya auna tsayin ƙofa, ya lura da yadda aka jera tubali da inda azara ta leƙo. Wannan lurar muke so a adana.

Wanda zai yi aikin ya nemi takardar auduga mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita. Wadda ba ta kai haka ba tana kumbura idan ta sha ruwa, sai dai a jiƙa ta, a manne gefunanta a allo, ta bushe tukuna. A fitar da layuka da fensir a hankali, a fara da sararin sama, a tafi daga launi mai haske zuwa mai duhu. Wurin da ake so ya fito fari a bar takardar yadda take. Launi uku sun isa bangon ƙasa: ruwan ɗorawa, jan ƙasa, da shuɗi kaɗan don inuwa. Idan aka haɗa fiye da haka, fentin ya zama taɓo.

Babbar matsalar Kano hunturu ne. Fenti kan bushe kafin burushi ya kai ƙarshen layi, sai sararin saman da aka fenta ya fito layi-layi. Maganinsa a dama fenti isasshe tun farko, a ɗan karkata allon, a ɗauki babban burushi, a yi aiki da sassafe a inuwa. Kada a koma kan wurin da bai gama bushewa ba, ruwan zai ture launin ya bar tabo. Ƙaro ne ke riƙe fentin a takarda, kuma ruwa na narkar da shi ko bayan shekaru, don haka ɗigo ɗaya daga rufin ɗaki ya isa ya ɓata aiki.

In an gama, a rubuta sunan ƙofar da kwanan wata a baya. A saka a firam yadda gilashi ba zai taɓa takardar ba, a rataye nesa da rana da bangon da ke jiƙa ko gara ke bi.

Naku,
Wasu malaman zane, birnin Kano