Firij ba ya gyara abincin da ya wuni a kula

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana mata, da kuma mazan da suke siyo firij su ajiye a gida su ɗauka shikenan an gama da maganar lalacewar abinci. Ni sana'ata girki ce, ina dafa abincin biki da suna da walima a nan Kano, kuma abin da nake gani bayan an sauke tukunya ne ya dame ni har na kasa yin shiru.

Da zarar mace ta ce "ai a firij yake" sai kowa ya saki jiki, ba mai tambayar tun yaushe yake ciki, awa nawa ya yi a waje kafin ya shiga, sau nawa aka ɗauke wuta yana ciki. Firij fa ba ya kashe ƙwayar cuta, rage mata saurin hayayyafa kawai yake yi, shi ma sai in sanyinsa ya kai, wato ƙasa da digiri 5 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 nan ne ƙwayoyin suke samun yadda suke so, wasu cikin minti 20 sun ninka kansu. Shi ya sa aka ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a ajiye a waje, hukumar noma ta Amurka ma ta ce in zafin gari ya haura digiri 32 to awa 1 ne kacal. Mu da muke ganin sama da 40 a watan Afrilu, ai mu ya fi kamata mu riƙe wannan lissafin.

Ku bi shinkafar biki da ido ku gani. An sauke ta ƙarfe goma na safe, an zuba a manyan kuloli an kai gidan biki, ana ta buɗewa ana rufewa ana ɗibar na baƙi, rabo ba zai kankama ba sai bayan la'asar, a zuba a robobi da leda mata su tura a jaka su ci gaba da hira har magariba, a fito neman adaidaita sahu, a shiga gosulo, sai bayan isha'i za a isa gida, sannan ne za a tura ta firij in ma akwai wuta. Da safe a ɗumama a ba yara su tafi makaranta. Wallahi shinkafar nan tun kafin ta ga ƙofar firij ta gama abin da za ta yi. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus, tana zuwa ne tun a ɗanyar shinkafa, ƙwanta ba ya mutuwa da tafasa, da shinkafa ta huce ta koma ɗumi-ɗumi sai ya farfaɗo ya yi ta yaɗuwa yana zubar da guba, kuma ita gubar wuta ba ta cinye ta. Ki turara, ki soya da mai da yaji, tana nan. Cikin 'yan awanni yaro ya fara amai, sai a ce shawara ce, ko zazzaɓi ne ke neman kama shi, ko an yi masa baki a gidan biki, ba wanda zai waiwayi robar shinkafar.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne mun saba da awon hanci. A buɗe, a sunsuna, a lasa, in bai yi tsami ba bai yi yauƙi ba sai a ce lafiyarsa ƙalau. To ƙwayoyin da ke sa abinci wari daban, masu kwantar da mutum daban, su waɗannan na biyun sau da yawa ba sa canza ƙamshi ko ɗanɗano ko kala. Abinci zai iya yin kyau a ido kuma ya kai mutum gadon asibiti.

Sai maganar tukunya guda. Da yawa in an yi miya mai yawa ko farfesu, haka za a ɗauki tukunyar da murfinta a cusa a firij, ko kuma a bar ta a kicin ta kwana wai sai ta huce tukuna kar ta ɓata firij. Duka biyun akwai matsala. Babbar tukunya gefenta zai yi sanyi amma tsakiyarta tana nan da ɗumi na awanni masu yawa, kuma a irin wannan miyar naman ne wata ƙwayar, Clostridium perfringens, take zama, ita ce mai murɗa ciki da gudawa bayan awa 6 zuwa 24, lokacin har an manta me aka ci. Yadda nake yi a wajen aiki, kuma ba wani kuɗi yake ci ba: in raba miyar a ƙananan robobi masu faɗi marasa zurfi, daidai cin rana ɗaya ɗaya, in kuma sauri nake in dasa tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi ina juyawa da ludayi har tururin ya kwanta. Shinkafa kuwa a baza ta a faranti mai faɗi, nan da nan take hucewa. A rufe, a sa a firij tun awa biyun ba su cika ba. Amfanin ƙananan robobin kuma, wadda za a ci kaɗai za a fitar a ɗumama, ba a yi ta fito da tukunya ana ɗorawa a wuta ana mayarwa har kwana biyar ba. Ɗumame sau ɗaya ne, kuma ya yi zafi har tsakiya yana tururi, miya ta tafasa sosai ana juyawa, ba wai a ɗan nuna mata wuta ba saboda ana tsimin gas.

Kwana nawa abinci zai yi a ciki? Amurkawa sun ce kwana 3 zuwa 4, hukumar abinci ta Ingila ta ce awa 48, shinkafa kuma a cinye ta cikin kwana 1. Amma dan Allah mu tuna su ba kasafai wutarsu take ɗaukewa ba. Lissafin nan na firij ne da ke aiki dare da rana, ba namu da zai yi awa uku yana ƙugi ya yi awa goma shiru ba. Firij da aka ɗauke wa wuta, in ba a buɗe shi ba, awa 4 yake iya riƙe sanyi, firiza cike maƙil tana kai awa 48, in rabi ce awa 24. To wane gida ne ba a buɗe firij? Yara na zuwa neman ruwan sanyi duk bayan minti goma, kowace buɗewa sanyin na fita. Wanda ya ga duhun da aka yi a Arewa a watan Oktoban 2024, da aka yi kwana da kwanaki babu wuta, ya san yadda nama ya narke a firiza jini na bin ƙasa. Ni a ganina gidan da ba sola ba janareta, wutar ma sai an ga dama, gara uwar gida ta ɗauki firij ɗinta a matsayin wajen ajiyar kwana ɗaya, ta rage yawan girki, abin da ake so ya daɗe kuma ya tafi firiza. In wuta ta zo a jera ruwan leda da gorunan ruwa su daskare, in ta tafi a mayar da wasu cikin firij kusa da abincin, a kuma ware wa yara ruwan shansu a kula daban su ƙyale ƙofar. Naman da ya fara saki amma har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa za a iya mayar da shi, wanda ya narke tas ya yi ɗumi kuwa ba mayarwa, kuma kar a ce za a gwada da harshe.

Iyayenmu da ba su da firij ba su yi wasa da wannan ba, shi ya sa naman Sallah ake soya shi ƙarau har ruwan jikinsa ya ƙone, ake yin kilishi da dambun nama, ake shanya kuɓewa da tumatir, duk don an san danshi ne ke kawo ɓaci. Mu kuma da firij ya zo sai muka saki wancan, ba mu kuma koyi ƙa'idar wannan ba. Za ki buɗe firij ranar Sallah ki ga ɗanyen nama a leda a saman bene, ruwansa na ɗiga kan kwanon alala da haɗin kabeji da ba za a sake dafawa ba. Ɗanyen nama da kaza da kifi wajensu can ƙasa ne, cikin roba mai murfi, dafaffe a sama. Ƙofar firij ita ce ta fi ko'ina rashin sanyi, ba wajen kunun aya ko nono ba ne, kuma duk mai yin kunun aya ta san ba ya haƙuri ko kaɗan. Lambobin nan na jikin abin murɗawa, 1 zuwa 5 ko zuwa 7, ba digiri ba ne, a yawancin firij babbar lamba ita ce ƙarin sanyi, na sha ganin wadda ta mayar da nata kan 1 tana zaton ta ƙure shi. Kuma kar a cusa kaya har iska ta rasa hanyar zagayawa.

Wani zai ce duk wannan tsirfa ce, mun ci ɗumame mun girma. Gaskiya ne babba mai ƙarfi zai yi gudawar kwana ɗaya ya miƙe, amma yaron goye fa, da mai ciki, da tsoho mai ciwon suga? Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya ce mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma Afirka ce ta fi ko'ina ɗaukar nauyin. In yaro ya fara amai da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da suga nan take, in an ga jini a bayan gidansa ko idonsa ya faɗa ko ya kasa shan komai a wuce asibiti, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Akwai kuma abin da yake ci min rai fiye da duk wannan, Edita. Abincin da uwar gida ta buɗe ta yi shakka a kansa, ta hana 'ya'yanta, sai ta ce a miƙa wa almajiri. Yaron nan zai haɗa shi da na gidaje uku a roba ɗaya, ya yawata da shi cikin rana, ya ci, ya kwana yana murƙususu a makaranta babu uwar da za ta tashi ta duba shi, babu kuɗin magani. Na san tsadar abinci ta sa zubarwa na da ciwo, kuma addininmu ya hana almubazzaranci, amma hanyar kauce wa zubarwa ita ce a bayar tun abincin na da zafinsa, a daren da aka dafa, ba sai ya kwana uku a firij marar wuta ba. Ina roƙon jaridarku ta nemo ma'aikatan lafiya da jami'an NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, su yi wa mutane wannan bayani da Hausa kafin azumi da Sallah, lokacin da ragowar buɗa baki ke jiran sahur a kan tabarma, ina kuma roƙon 'yan uwana masu girkin biki mu riƙa gaya wa masu biki ƙarfe nawa muka sauke abinci, mu matsa a raba shi da wuri.

Na gode.

Taku,
Wata mai girkin biki, daga Kano